Kaskon Baƙin Mai: Abin da Aka Kwance, a Mayar da Shi

A bakin titin da ya ratsa Birnin Kudu ya miƙe zuwa Babaldu da Gwaram, da wuya mutum ya wuce gareji biyu bai ga mota an ɗaga gabanta ba. Yaro na kwance a ƙarƙashi bisa kwali, sifana a hannu, yana kwance notika ɗaya bayan ɗaya yana jefawa cikin gwangwanin madara. Abin da yake son saukewa shi ne kaskon da baƙin mai ke taruwa a gindin injin, wanda kanikawa ke kira botom filet. Galibi abu ɗaya ne ya kawo motar: jar fitilar nan mai hoton buta ta fara kamawa a gaban direba, musamman in injin ya ɗau zafi aka tsaya a layin tasha.

Aikin ba sabo ba ne, kuma ba abin tsoro ba ne. Sauke kasko, ciro rariya da famfon mai, a wanke a duba, yana cikin ayyukan da suke ceto injin daga bugawa. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da ke faruwa tsakanin kwancewa da ɗaurawa. A nan ne ake raba bakanike na gaske da mai neman fitila ta mutu kawai don ya karɓi kuɗin aiki.

Kafin a kai ga wannan, ya kamata mai mota ya san abin da ke cikin kaskon. Ƙaramar mota irin Golf ko Corolla tana cin baƙin mai kusan lita 4. Idan an kashe injin, kusan dukkansa yana gangarowa ƙasa ya kwanta. Da an tayar, famfo zai zuƙo shi ta wani bututu mai faffaɗan baki da aka rufe da ragar ƙarfe, ita ce rariya. Daga famfo sai ya bi ta filta, ya shiga ƙananan hanyoyin da aka huda a jikin injin, ya isa wurin kiransha da metal ɗin da take juyawa a kansu, ya hau sama wurin kamsha da bawul, sannan ya sake gangarowa. Tazarar da ke tsakanin kiransha da metal ba ta kai kaurin silin gashin kai ba, yawanci tsakanin milimita 0.02 zuwa 0.06. Man da aka tura da ƙarfi cikin wannan 'yar tazara shi ne ke hana ƙarfe taɓa ƙarfe, alhali kiransha na juyawa sau 3,000 a minti ɗaya a kan hanyar Kano. In mai ya yanke na ɗan lokaci kaɗan a wannan gudu, metal zai ɗau zafi ya goge, sai a ji ƙwanƙwasar da kowane direba ke tsoro. Injin ya buga.

Motocin wannan yanki kuwa ba hutu suke samu ba. Sharon da Golf da bas ƙirar Hiace suna jigila tsakanin Gwaram, Birnin Kudu, Kwanar Huguma, Wudil da Kano, wasu su miƙe ta Basirka su shiga jihar Bauchi. Ranar kasuwar Sara ana loda musu buhuna da mutane har bayansu ya durƙusa. Daga Maris zuwa Mayu zafi kan haura digiri 40, da hunturu ƙura ta cika iska, da damina kuma hanyoyin ƙauyuka su zaizaye duwatsu su fito. Ƙasar nan ta duwatsu ce, kuma kaskon mai shi ne abu mafi kusa da ƙasa a jikin injin. Dutse ɗaya ya isa ya lotsa shi ya matse bakin rariya, mai na nan cike amma famfo ba ya samun abin zuƙa.

Yadda ake kwancewar ya danganta da irin motar, kuma wannan ne ya sa kuɗin aikin ke bambanta. A yawancin Golf 3, wadda aka ƙera tsakanin 1991 da 1997, famfon na rataye ne a cikin kaskon kansa. Da an sauke kasko za a gan shi, dogayen notika biyu ke riƙe da shi, kuma wani ƙarfe ne daga sama ke juya shi. Aikin yini ɗaya ne, wani lokacin ma bai kai ba. A wasu Peugeot 406 ƙaramar sarƙa ce daga kiransha ke jan famfon, sai an lura da ita wajen cirewa. A Corolla ta shekarun 2003 zuwa 2008 kuwa, rariya ce kaɗai ke fitowa ta ƙasa, famfon yana manne a hancin kiransha, bayan murfin sarƙar tayimin, don haka sai an kwance gaban injin kafin a kai gare shi. Honda Accord mai injin lita 2.4 ta zo da nata salon: famfon a haɗe yake da wasu ƙarafa biyu masu juyawa da ke rage girgizar injin, kuma suna da saitin da in aka kuskure shi motar za ta riƙa karkarwa fiye da da.

Tsarin dai kusan ɗaya ne. Ana juye man tun yana da ɗumi, a cire filta, a cire kan batir, a tokare motar da ƙafafun ƙarfe ko a hau da ita kan rami. Wannan na ƙarshe ba ƙaramin abu ba ne. Jak da bulo biyu ba abin da za a tura ɗan mutane ƙarƙashinsu ba ne, ko da kuwa an saba yi ana wanyewa lafiya. Bayan notika sun fita, kaskon kan manne saboda gam, kuma mai gaggawa kan cusa sukundireba ya ɓanɓare. In kaskon na alminiyom ne, nan take leɓensa zai ƙwarzane ko ya tsage, daga ranar kuma yoyo ya samu wurin zama.

Bakanike mai hankali ba ya miƙa wa yaro kasko ya wanke sai ya tsaya ya dube shi a rana, domin tarihin injin na kwance a gindinsa. Zai sa yatsa ya shafo abin da ya kwanta, ya murza. In ya ga ƙyalli mai launin tagulla ko azurfa, metal ne ya fara cinyewa, kuma wankin rariya kaɗai ba zai warkar da shi ba. In man ya koma fari-fari mai kauri, ruwa ya shiga, ko daga gasket ɗin tof silinda ko daga kududdufin da aka kutsa da damina. Gutsattsarin roba mai tauri yana nuna abin da sarƙar tayimin ke gogawa a kai ya farfashe. Siraran zare-zare ja ko ruwan toka kuwa gam ne da wani bakaniken ya lafta a aikin baya, ya tsattsafo ta ciki ya yanke ya faɗa. Sai kuma babban mai laifi, baƙin dasƙararren datti da ke manne a kasko da ragar rariya kamar ƙanzon tuwo a gindin tukunya, wanda sai an sa ƙarfe an kankare.

A daidai nan ne ake yin ɓarnar. Rariya ta toshe, an wanke, bayan wata biyu ta sake toshewa, direba ya dawo da faɗa. Sai wani ya yanke shawarar magance matsalar gaba ɗaya: ya sa ƙusa ya huda ragar, ko ya yage ta ya jefar. Fitila za ta mutu, direba zai tafi yana godiya. Amma duk abin da ragar ke tarewa yanzu ya samu hanya kai tsaye zuwa cikin haƙoran famfo. Wani zai ce ai filta na gaba, za ta tare. Filta tana bayan famfo ne, ba gabansa ba, saboda haka famfon ya riga ya tauna dattin. Ban da haka, kusan kowace filta tana da ƙofar ko-ta-kwana da ke buɗewa in ta cika, ta bar mai ya wuce ba tacewa don kada injin ya bushe. Ranar da wannan ƙofa ta buɗe, dattin metal zai nufa.

Abu na biyu da kan kwana a waje shi ne farantin da ke cikin kasko, na ƙarfe ko na roba, wanda ke hana mai tangaɗi. Da yawa ba su ɗauke shi a bakin komai ba. A Golf na roba ne, zafi kan sa ya bushe ya karye wajen cirewa, sai a ce ba shi da wani amfani. Amfaninsa yana bayyana ne lokacin da aka taka birki da ƙarfi, ko aka sha kwana da gudu, ko aka hau gangare da lodi. Man sai ya kwashe gefe ɗaya ya bar bakin rariya a fili, famfo ya zuƙi iska na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Ba a jin komai a ranar, amma metal na lissafi.

Abu na uku da ake yi wa ɓarna shi ne bawul ɗin da ke cikin famfo, ɗan ƙaramin fistin ko ƙwallo da sifirin ke tokare da shi. Aikinsa shi ne ya buɗe in ƙarfin mai ya yi yawa, kamar da asubahin hunturu lokacin da man ya yi kauri, ya mayar da rarar cikin kasko. Akwai dabarar da ta yaɗu ta cusa washa ɗaya ko biyu a bayan sifirin don a ƙara wa mai ƙarfi. Dabarar ba ta taɓa ciwon da ake son magancewa. Fitilar da ke kamawa in injin ya yi zafi yana silo tana kamawa ne a lokacin da bawul ɗin yake rufe ruf, ƙara masa tauri ba zai canza komai ba. Abin da za a samu kawai shi ne da safe ƙarfin ya wuce kima, filta ta kumbura ko robarta ta fashe, mai ya tsiyaye a kan titi.

Gaskiyar da ya kamata kowane mai mota ya riƙe ita ce famfo turo mai kawai yake yi, matsin tazarar metal ne ke mayar da turin ya zama ƙarfi. In metal ya cinye tazarar ta buɗe, man zai riƙa zurarewa ta gefe, ko sabon famfo aka ɗauko daga kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ba zai tsayar da fitilar ba. Mutane da yawa sun sayi famfo sau biyu kafin su gane haka. Hanyar ganewa kuwa mai sauƙi ce: a cire suwic ɗin mai, a ɗaura agogon awo a gurbinsa, a bar injin ya yi zafi a karanta. Kamfanin Volkswagen ya ƙayyade wa injinan zamanin Golf 3 ƙarfin mai aƙalla bar 2 in injin na juyi 2,000 a minti kuma man ya kai zafin digiri 80. Agogon ba shi da tsada idan aka kwatanta da kuɗin injin, kuma garejin da ba shi da shi lalube yake yi.

Sai mafi muni, wanda ko kasko ba a saukewa: yanke wayar fitilar. Golf 3 da 'yan uwanta sun zo da suwic biyu, ɗaya yana lura da ƙarfin mai a silo, ɗayan kuma yana fara aiki in juyin injin ya haura 2,000, kuma shi ne ke sa ƙarar nan mai damun kunne. Direbobi kan ce wutar ƙarya ce, kuma wani lokacin suna da gaskiya, domin suwic kan lalace. Maganin suwic da ya lalace shi ne a sa wani, kuɗinsa bai kai na galan ɗin mai ba. Wanda ya haɗe wayar da jikin mota don ƙarar ta yi shiru ya cire abu ɗaya tilo da zai gargaɗe shi kafin injin ya tsaya da fasinja tsakanin Kwanar Huguma da Wudil.

Wannan ba yana nufin duk cirewa laifi ba ne. Akwai wadda injiniyoyi suka yarda da ita. Wasu injinan dizal masu lita 2.0 da aka sa wa Passat da Audi A4 a wajajen 2005 zuwa 2008 sun zo da famfon da wani siririn ƙarfe mai kusurwa shida ke juyawa, daga jikin ƙarafan rage girgiza. Ƙarfen kan goge ya zama mulmulalle, famfo ya tsaya cak ba gargaɗi. Daga baya kamfanin Volkswagen ya tsawaita shi daga milimita 77 zuwa 100, wasu kanikawa a Turai kuma suka koma cire tarkacen gaba ɗaya suna sa famfo mai sarƙa irin na tsohon injin 1.9. Amma dubi yadda suke yi: suna sa wani famfon da rariyarsa, su toshe hanyar man da aka bari a buɗe, sannan su auna ƙarfin kafin motar ta fita. Sun cire abu ne sun maye gurbinsa da sanin abin da zai biyo baya. Haka nan mai sanyaya baƙin mai, wanda ke manne kusa da filta a motoci da dama. In ya huje ya haɗa mai da ruwan lagireto, akan zagaye shi da tiyo a ci gaba da tafiya. A matsayin dabarar isa gida ba laifi. A bar shi haka har bazara ta shigo, a ƙasar da kwalta ke narkewa da rana, ganganci ne.

Daga ina dattin ke zuwa tun farko? Wani ɓangare gado ne. Mafi yawan motocin da ke yankin sun gama rayuwa ɗaya a Turai ko Amurka kafin su sauka ta Kwatano ko Legas. A 2002 kamfanin Toyota ya amince ya ɗauki nauyin gyara na tsawon shekara 8 ga motoci sama da miliyan 3 a Amurka saboda ƙorafin dasƙarewar mai, cikinsu har da Camry da Sienna na ƙarshen shekarun 1990, duk da cewa kamfanin ya dage cewa jinkirin juye ne babban dalili. A 2004 Volkswagen ya yi irin haka ga Passat da Audi A4 masu injin 1.8 mai turbo. Irin waɗannan motoci da injinansu suna cikin waɗanda suka cika kasuwanninmu daga baya.

Sauran kuwa namu ne. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, komai na mota ya tashi, kuma wurin da direban haya ya fi saurin tsuke hannu shi ne juye. Sai a riƙa ciko maimakon canzawa, a bar filta ɗaya ta yi juye uku, a sayi man awo na kwalba a bakin hanya wanda ba a san asalinsa ba. Wasu irin wannan mai ɗanye ne da ba a zuba masa sinadaran wanke datti da jure zafi ba, wasu kuma tsohon mai ne aka tace aka sake ɗurawa. Hukumar SON ta sha kama irinsu a kasuwannin ƙasar nan. A yanayi mai zafi da ƙura irin na kudancin Jigawa, man da ba sintetik ba bai kamata ya wuce kilomita 5,000 ba, kuma motar da ke zuwa Kano ta dawo kullum tana cinye wannan nisa cikin 'yan makonni. Ba a zargin direba da son kuɗinsa, amma lissafin ba ya fita: abin da aka tara ta hanyar jinkirta juye bai kai kuɗin niƙa kiransha da sayen metal da ringi ba, balle injin Beljiyom.

Akwai kuma sabon tarko. Injinan zamani da ke canza lokacin buɗe bawul da ƙarfin mai an yi su ne don mai marar kauri irin 5W-30, kuma suna da wasu ƙananan rariyoyi a sama da ba su kai kan yatsa ba. Ɗura musu mai mai kauri don a ɓoye ƙara, ko cire waɗannan 'yan ragar don sun toshe, yana jawo wata fitilar da wani kashe kuɗin.

Ɗaurawa ta fi kwancewa buƙatar natsuwa. Ana jiƙa rariya a kananzir ko dizal, a goge da buroshi, a hura iska, a ɗaga ta sama har a ga haske ta kowace ƙofa. In ragar ta yage, sabuwa ake nema. Robar da ke tsakanin bututun rariya da famfo dole a canza ta, domin in ta taurare famfo zai riƙa jan iska ta nan, kuma wannan 'yar roba ta sha sa an sake sauke kaskon da aka gama ɗaurawa. Tsumma mai zubar da zare bai da wurin shiga cikin injin. Gam siririn layi ake ja, ba a laftawa. Notikan kasko ana bin su a hankali, daga tsakiya zuwa gefe, ba a gama ɗaure ɗaya kafin sauran su zauna. Famfon kansa ana cika shi da mai kafin a ɗora, sannan a cire wayar wuta a yi ta juya injin da makulli har fitilar ta mutu, kafin a bar shi ya tashi. Wanda ya tayar da busasshen famfo ya taka totur don ya nuna wa mai mota aiki ya yi kyau, ya rage wa injin kwana a minti na farko.

Tsohon man da aka juye shi ma a kula da shi. Littattafan da ke zuwa da motoci suna gargaɗi cewa yawan taɓa shi da fata na da haɗari, kuma yaran gareji su ne ke yini da shi a hannu har su ci abinci. Sabulu da ruwa a gareji ba almubazzaranci ba ne. Zubar da man a ƙasa kusa da rijiya ko kwata kuwa cutar unguwa ce gaba ɗaya.

Yawancin kanikawan Birnin Kudu da Gwaram sun koyi aikin ne a hannun iyayen gidansu, shekara da shekaru, kuma suna raya motocin da ƙasashen da suka ƙera su suka daɗe da yafewa. Wannan ƙwarewa ce ta gaske. Abin da ya rage shi ne kayan awo da ƙin biye wa matsin direba mai son a sallame shi kafin la'asar, kuma ƙungiyar kanikawa ta NATA tana da bakin da za ta iya sa kowane gareji ya mallaki agogon auna mai. Mai mota kuma yana da nasa rabon. In za a sauke masa kasko, ya tsaya a wurin ko ya wakilta wanda ya yarda da shi, ya nemi a nuna masa gindin kaskon kafin a wanke, ya ga rariya da ragarta cikakkiya kafin a rufe, ya leƙa gwangwanin notika ya tabbata babu abin da ya saura. Idan ya murza makulli kafin injin ya tashi, jar fitilar ta kama, bayan ya tashi kuma ta mutu cikin daƙiƙa biyu ko uku. In ba ta kama ba sam, kada ya bar garejin sai an nuna masa inda wayarta take.